Tsakuwa a Cikin Inji

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can wurin fasa dutse. Mu nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ya sa yanzu nake wasu sallolin a zaune. Yara duk suna gidajensu, suna gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabon da mu haɗu tun rasuwar kakarka, ƙanwar kakata. Na daɗe ina tambayar kaina ko ya dace in tuna da ɗan'uwa sai ranar da buƙata ta taso. Ban sami amsar da ta wanke ni ba, amma ga shi na rubuto.

Maganar motar Maigida ce. Ka san ita ce sana'arsa, da ita yake ɗaukar fasinja daga tasha zuwa garuruwan da ke bayan babban tudu. Tun bara ya fara cewa ta yi sanyi. Ya ce in ya tashe ta da safe ba ta amsa masa yadda ta saba, kukanta ya yi nisa kamar daga ƙasan rijiya yake fitowa. A kan tudun kuma takan ja jiki har ta kusa tsayawa, matasan direbobi su wuce shi suna cewa, “Baba, a sauko a tura ne?” Ya canza fulogi, ya wanke kafireto, ya sa an duba bawul. Bakanike ya ce bai ga komai ba.

Yanzu kuma an haɗa shi da wani mai injin goge ƙarfe a bayan kasuwa, wanda direbobi ke kira Wanzami, domin wai aske kan inji yake yi. An ce in an aske, matsi zai ƙaru, mota ta dawo da ƙarfinta. Maigida ya zana mini abin a bayan kwali, na yi ta kallo ban gane ba. Abu ɗaya na fahimta, shi ne ƙarfen da aka aske ba ya sake tsirowa.

Ya rage zama cikin mutane. In ya dawo daga aiki, daga shi sai rediyonsa sai zanen kwalin nan. Ni ban saba sa baki a sana'arsa ba, shi kuma yana ganin girman saninka. Ina roƙonka ka rubuto masa shawara. Kai ka san abin da ya kamata a faɗa wa mutum mai shekarunsa.

Allah ya tsare ka da duwatsun nan.

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso cikin motar da ke kawo mana kayan abinci, tsakanin buhun albasa da galan ɗin mai, don haka na karanta ta ina hawaye, kada ki ɗauka tausayinki ne. Ina lafiya. Allah ya sassauta gwiwa. Maganar rashin tunawa da ni kuwa ki bar ta, ai ƙarami ne ya kamata ya nemi babba, kuma ban nema ba.

Ga bayanin da za ki miƙa wa Babban Direba. A saman kowane fistin akwai wani ɗan ɗaki da ake matse iska da fetur a ciki kafin fulogi ya ba da wuta. In an aske kan inji, rufin ɗakin ya sauko, ɗakin ya ƙanƙance, matsin ya ƙaru, bugun da wutar ke yi wa fistin ya yi nauyi. Gaskiya ne mota tana ƙara kuzari, ko da yake ba kamar yadda ake ba da labari a tasha ba. Direbobi in suna zancen ƙarfin mota, sai ki raba abin da suka faɗa gida biyu ki zubar da rabi.

Haɗarin shi ne zafi. Man da ake sayarwa a gidajen mai na wajenku ba ya jure matsi mai yawa. In ya matsu ya yi zafi, yakan kama da wuta da kansa, ba ya jiran ta fulogi ta iso gare shi, sai fistin yana hawa ana dukansa a ka. Wannan dukan yana da ƙara, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ba a jin ta in mota tana tsaye, sai ta ɗauki kaya tana hawan tudu an danna mata totur. Wanda ya ji ya ƙyale, wata rana fistin zai huje.

Saboda haka a aske ɗan kaɗan, kamar kaurin takarda, sau ɗaya tak. Daga nan ya hau tudun da kaya ya saurara. In ya ji tsakuwa, ya sauke giya nan take, ya koma gareji a ja masa wuta baya kaɗan, wato a jinkirta wutar fulogi, ya sake gwadawa har ta yi shiru.

Da wani ne daban, cewa zan yi kada ya taɓa. Amma duk aikin nan na kunne ne, kuma ban san kunnen da ya kai na mijinki ba. Ina yaro na taɓa tsayawa kusa da shi a bakin titi, wata babbar mota ta wuce, bai ko ɗaga kai ba ya ce bawul ɗinta ɗaya ya ƙone. Washegari muka gan ta a gareji an buɗe mata kai. A ranar na yanke shawarar zama bakanike. Ki ce masa almajirinsa na sana'a ya amince.

Da kika ce ya rage zama cikin mutane, na yi dariya. Haka muke in inji ya shiga ranmu. Ki bar shi, in mota ta warke zai warke.

Ƙaninki


Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Gwiwa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Takardarka ta iso, Maigida ya karanta da kansa. Ya linke ta ya sa a aljihun gaba, an ce mini har a tasha ya karanta wa mutane wurin da ka yabi kunnensa. Ba zan ɓoye maka ba, ba wannan amsar na nema ba. Na so ka hana shi. Amma na koma na tuna kalmomin da na rubuta, na ga ban ce ka hana shi ba, na bar ka ka gane da kanka, alhali kana nesa.

An yi askin. Ya dawo yana murna, ya ce ta fara ɗaga kai. Bayan 'yan kwanaki ya kai ni asibitin da ke bayan tudun saboda gwiwata, ina kujerar baya kamar kullum, mota cike da fasinja. Muna tsakiyar hawa na ji ta. Ban taɓa sanin kukan inji ba, amma ka kwatanta ta da kyau, tsakuwa ce a gwangwani, siririya, tana zuwa tana ɗaukewa. Na ce, “Maigida, akwai wata ƙara.” Bai juyo ba. Matar da ke kusa da ni ta ce, “Baiwar Allah, tsohuwar mota ai ba ta rasa surutu, kamar mu.” Aka yi dariya.

Yanzu zan rubuta abin da na daɗe ina riƙewa, ina neman gafarar Allah in tona asirin miji ne. Rediyon da na ambata maka, yana ƙure ta har kwanukan da ke kan kabad su yi rawa. In ana magana bakin mutum yake kallo. In an kira salla ba ya motsi sai ya ga na ɗauki buta, sannan ya miƙe yana cewa dama yanzu yake shirin tashi. Jikarmu ta tsaya a bayansa tana kiran Kaka har ta gaji ta yi kuka. Ban taɓa ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. Muna zagaye abin kamar rami a tsakar gida.

Ka san halin tasha. In shugabanninta suka ji, za su cire shi daga layi, su ce don lafiyar fasinja ne, kuma ban isa in ce ba su da gaskiya ba. Wannan ma yana damuna, domin mutanen da yake ɗauka su ma amana ne. Bangonmu da na maƙwabta ɗaya ne, mijin maƙwabciyar kuwa direba ne a tashar. Maganar da zan faɗa masa ba ta faɗuwa sai da ƙarfi, ni kuma tunda aka kawo ni gidan nan muryata ba ta taɓa hawa kan tasa ba. Na ɗauki wannan a matsayin ibada. Yanzu ban sani ba ko ibada ce ko tsoro ne na sa wa suna mai kyau.

Jiya ya ce ƙarfin ya ƙaru, amma har yanzu kukanta yana nesa, wataƙila Wanzami ya yi rowar aski. Ka rubuto da sauri. Ka ce masa ya isa haka.

Yayarka


Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Kullum ina aikawa gidan waya, ana dawowa hannu wofi. In abin da na rubuta game da Maigida ne ya ɓata maka rai, ko ka ga bai dace mace ta faɗi haka a kan mijinta ba, ka yafe mini, amma ka amsa.

Da na ga shirun ya yi tsawo, na rubuta masa a takarda cewa injin yana ƙarar tsakuwar da ka faɗa. Iyakar abin da na iya rubutawa ke nan, ban ambaci kunne ba. Ya karanta, bai yi fushi ba. Ya fita ya tashi motar a ƙofar gida, ya buɗe bonet, ya sunkuya ya daɗe. Ya kira bakaniken unguwa shi ma ya saurara, ya ce lafiya lau take, kamar agogo. Na tuna ka ce ba a jin ta in mota tana tsaye, na faɗa daga bakin ƙofa. Bakaniken ya yi murmushi ya ce, “Inna ma ta shiga sana'ar ke nan?” Maigida ya ga ana dariya, shi ma ya yi. Da ya shigo ya ce mini, “Ke da kike magana kamar mai addu'a, yaushe kika fara jin abin da ni ban ji ba?”

An kai wa Wanzami kan injin karo na biyu. An ce shi kansa ya yi jinkiri, Maigida ya zaro takardarka ya nuna masa inda ka ce ka amince. Bai nuna masa inda ka ce sau ɗaya ba.

Na yi istihara, ban ga komai ba. Na ƙudura cewa duk ranar da zai hau tudun da cikakken kaya zan bi shi. Ban san abin da zan yi in na bi shi ba.

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ruwa ya cinye gadar da ke kan hanyarmu, motar abinci ta daina zuwa, sai yau aka shigo da jakar takardu a ka. Takardarki da ke maganar rediyo da buta ita na samu, ban sani ba ko akwai wata a bayanta. Wanda ya kawo jakar zai juya yanzu, don haka a tsaye nake rubutu.

Yaya, motar nan ba ta taɓa yin sanyi ba. Na koma takardarki ta farko na ga komai yana ciki, ni ne na karanta da idon bakanike. Ya ce kukanta ya yi nisa, kukan yana nan inda yake. Tudun kuma ga yadda abin yake: duk rayuwarsa da kunne yake canza giya, in ya ji muryar inji ta sauka sai ya sauke. Yanzu ba ya ji, sai ya bar ta a babbar giya tana fama, ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙare. Kuma wannan zaman a babbar giya da totur a danne shi ne abin da ya fi haifar da tsakuwa.

Kada a sake aski ko da kaurin gashi. Ga gasket mai kauri na haɗo da shi, wanda na ajiye don wani aiki. In an sa shi tsakanin kai da jikin inji zai ɗaga rufin, ya mayar da abin da aka ɗebe a askin farko. A ja wuta baya. Kafin a yi wannan, kada motar ta hau tudu da kaya. In dole ne, ya shiga giya ta biyu tun daga gindin tudun, ko ya ji ko bai ji ba.

Ba ki tona asirin kowa ba. Akwai likitocin kunne, akwai abin da ake saƙalawa a ji, manyan mutane suna sawa. Ki ba shi wannan takarda ya karanta da kansa, in faɗa zai yi ya yi da ni, ni ina nesa, duwatsu ma sun saba da shan duka. Babban Direba, da kai nake yanzu: kunnen da ya koya mini sana'a ya yi aikinsa, ya gaji. Ka ari na Yaya.

Ƙaninki


Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da kake lafiya, na kuma nemi gafara kan zaton da na yi wa shirunka. Mu ma lafiya, babu wanda ya ji rauni. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta kafin sauran.

Saƙonka ya iso bayan an riga an jawo motar gida da igiya.

Ranar kasuwar bayan tudu ce, ya cika mota da mutane da buhuna. Na ce zan je, na kuma ce gaba zan zauna saboda gwiwa. Ya yi mamaki, ya goge mini kujerar da hannun rigarsa. Tun daga gindin tudun ta fara. Wannan karon tsakuwar ta yi kauri, kamar ana dukan ƙarfe da ƙaramar guduma. Na ce, “Maigida, ka sauke giya.” Idonsa yana kan hanya. Na sake faɗa, na ɗaga murya iyakar abin da na ɗauka ɗagawa ce. A lokacin ya kamo ɗaya daga cikin matasan nan masu yi masa ba'a, ya fito zai wuce shi. Na kama hannun rigarsa. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa cike da farin cikin da na daɗe ban gani ba, ya ce, “Kin gani ko? Ta dawo.” Ya ƙara danna totur.

Ƙanena, akwai mutane a bayana, cikinsu har da mai sayar da tikiti na tasha. Na buɗe baki in yi ihu. Na san kalmomin da zan faɗa. Na dubi fuskar nan tasa, na ba kaina numfashi ɗaya kafin in rushe ta. A cikin wannan numfashin motar ta yi tari, hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ta mutu a hannunsa. Ya riƙe ta da birki, aka sa duwatsu a ƙafafun motar. Saurayin nan da Maigida ya so ya wuce ya tsaya, bai yi ba'a ba, shi ya kwashe fasinjan, ya ce, “Baba, sannu.” Ina jin wannan ya fi ba'ar zafi.

An buɗe injin a ƙofar gida. Fistin ɗaya ya huje, ana ganin haske ta cikinsa, wani ya tsage, jikin silinda ya karce. Bakanike ya ce gyaran ya wuce nan, sai dai wani injin, kuma irin nata an daina kawowa. Kan da aka aske sau biyu yana jingine da bango, yana ƙyalli kamar madubi.

Na miƙa masa takardarka kamar yadda ka ce. Ya karanta a zaune a kan tabarma, ya koma farko ya sake. Ya zaro ta farkon daga aljihu, ya haɗa su ya linke tare. Ya ɗauki gasket ɗin ya auna kaurinsa da yatsa, ya ce, “Yaron nan ya san aiki.” Sannan ya dubi bakina ya ce, “Tun yaushe kike ji?”

Na ce tun ranar asibiti.

Ya ce, “A tudun nan kin faɗa?”

Na ce na faɗa.

Ya ce, “Da ƙarfi?”

Bai sake tambaya ba. Tun ranar nake tambayar kaina ita a kan sallaya. Na san abin da Allah ya ƙaddara ba ya kuskure, amma na kuma san an ba ni murya, kuma za a tambaye ni abin da na yi da ita.

Bai koma tasha ba. Maganar likita na rubuta masa, ya ce to, bai ce yaushe ba. Da safe yana fita ya goge gilashin motar, ya dawo ya zauna. Rediyon ma ya daina kunnawa.

Jiya bayan la'asar ina shara ya kira ni. Ya ce duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa barin inji ya yi wannan ƙarar a hannunsa ba, yana so ya san yadda tasa ta yi. Na ɗauko gwangwanin madara, na tsinci tsakuwa a bakin ƙofa na zuba, na girgiza kusa da kunnensa. Ya karkata kai, ya rufe ido, ya jira. Na girgiza da dukan ƙarfina, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ya buɗe ido ya miƙo hannu, na ba shi. Ya riƙe gwangwanin a tafinsa ya girgiza a hankali, yana jin bugun a cikin yatsunsa.

Ya ce, “Haka take?”

Na ce e. Yana kallon gwangwanin, bai ga bakina ba, sai na dafa hannunsa har ya ɗago, na gyaɗa kai.

Ka sa mu a addu'a. Gasket ɗinka yana rataye a ƙusa, in kana da buƙatarsa ka faɗa in mayar maka.

Yayarka